Baƙin Da Suka Zama 'Yan Gari: Abubuwan Mamaki A Tukunyarmu Da Aljihunmu



Da farko dai wajibi ne in yi godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ba ni dama in tsaya gaban waɗanda suka fi ni sani. Lokacin da aka nemi in faɗi abin da zan yi magana a kai, na ce tukunyar miya da aljihun riga, sai wani abokin aikina ya yi dariya, ya ce ashe karatun da na je yi ƙasashen waje na girki ne. To, ina roƙon ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci, don nufina shi ne in nuna cewa a cikin abubuwan da muke ci, da waɗanda muke taɓawa kullum ba tare da mun ɗaga kai mun dube su ba, akwai tarihi mai tsawo, akwai kuma darasi wanda ya shafi cikinmu da lafiyarmu da harshenmu.

Masara Da Ƙasar Masar

Bari mu fara da masara. Duk wanda ya saurari sunan nan da kunnen basira zai ji ƙasar Masar a cikinsa. Kakanninmu sun ga wani hatsi baƙo wanda ya biyo hanyar fatake da alhazai, suka jingina shi ga ƙasar da suka ɗauka daga can ya fito. Haka kuma suka yi wa gwanda, suka ce da ita gwandar Masar don a bambanta ta da gwandar daji wadda muke da ita tun fil azal.

Abin mamaki shi ne, masara ba 'yar Masar ba ce. Fir'auna bai taɓa ganin ta ba. Asalinta kudancin ƙasar Meksiko ne, inda mutanen wurin suka hore ta daga wata ciyawa kimanin shekara 9,000 da suka wuce, ba ta kuwa ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Turkawa ma suna kiran ta da sunan Masar. Mutanen Masar ɗin kuwa sun ce dawar Sham ce. Italiyawa suka ce hatsin Turkiyya. Masu jin Suwahili a gabashin Afirka suka jingina ta ga Hindu. Watau kowa ya nuna maƙwabcin da ya miƙo masa, babu wanda ya san mai ita na ainihi. Haka talotalo ya sha: Ingilishi sun sa masa sunan Turkiyya, Turkawa da Faransawa sun ce na Hindu ne, mutanen Fotugal sun ce na Feru ne, alhali shi ma ɗan Meksiko ne.

Idan muka bi wannan sawu sai mu ga baƙin suna da yawa: gyaɗa, rogo, dankali, dankalin Turawa, tumatir, barkono, tattasai, attarugu, abarba, gwaiba, taba, duka daga nahiyar Amurka suke. Ke nan miyar da aka yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ba ta da tumatir, ba ta da jan barkono. Yajinta masoro ne da kimba da citta. Duk wanda ya ce ba ya iya cin tuwo sai da attarugu, to ya sani da a fadar Rumfa yake da ya kwana da yunwa.

Sai dai akwai wani abu game da masara wanda ya fi sunanta muhimmanci. Mutanen Meksiko ba sa niƙa ta haka kawai, sai sun dafa ta da ruwan toka ko na farar ƙasa. Wannan dafuwa ita ce ke sakin wani sinadari mai suna niyasin, wanda jiki ke bukata, wanda kuma yake a ɗaure cikin ƙwayar. Turawa sun ɗauki irin, suka bar dabarar a can. Talakawan arewacin Sifen da na Italiya, waɗanda suka mai da masara abincin safe da dare, sai wata cuta ta auka musu, mai sa fata ta yi kaushi ta tsattsage, ga gudawa, ga taɓin hankali. Wani likita, Gaspar Casal, ya bayyana ta a 1735. A kudancin Amurka ta halaka dubban mutane a farkon ƙarni na 20, har sai da Dokta Joseph Goldberger, wanda ya soma bincikensa a 1914, ya tabbatar cewa ba annoba ba ce mai yaɗuwa, rashin wani abu ne a cikin abinci. Ina so ku riƙe wannan: iri yakan yi tafiya, ya bar iliminsa a gida.

Rogo Da Gyaɗa

Rogo ma haka ne. Mutanen Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka daga Barazil a ƙarni na 16. Rogo kuwa, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da guba wadda kan kashe mutum. Mutanen da suka fara noma shi sun san sai an goge shi, an matse ruwan, an bar shi ya yi tsami, sa'an nan a soya. Wannan sana'a ta yin gari ba ta bazu sosai a yankinmu ba sai a ƙarni na 19, sa'ad da 'yantattun bayi suka komo daga Barazil suka zauna a Ikko da garuruwan gaɓar Dahomi. Yau ga shi Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, garin kwaki kuwa ya zama abokin ɗalibi a daren da aljihu ya bushe. Amma har yanzu idan yunwa ta sa mutane suka gaggauta, suka tsallake jiƙo da shanya, gubar nan tana nan tana jira.

Gyaɗa kuwa labarinta ya fi kusa da mu. Da ta zo daga Amurka ta Kudu ta tarar da gurjiya, wadda ita ma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, har ma a wasu sassan yammacin ƙasar Hausa sunan 'yar gida aka ɗauka aka ba baƙuwar, ana ce da ita gujiya. Ta daɗe tana zaune a gefen gona, ana ƙuliƙuli da mai da ita, ba wanda ya ɗauke ta da wani girma. Me ya ɗaga ta? Abubuwa biyu ne da suka faru a inda ba mu sani ba. A 1869 wani Bafaranshe, Mège-Mouriès, ya ƙago man shafa wa burodi wanda zai maye gurbin man shanu don talakawa da sojoji. A farkon ƙarni na 20 kuma wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano yadda za a daskarar da man tsirrai ya yi kauri. Nan da nan masana'antun Turai suka shiga neman mai ruwa a jallo.

A daidai wannan lokaci, cikin 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawan mulki auduga suke so, don ita masaƙun Ingila ke bukata. Manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta cin ƙarfin ƙasa, in kuma fari ya zo ana iya cin ta, auduga kuwa ba a tuƙa tuwo da ita. Daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har ta rasa wurin ajiya. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda da can fataucin goro yake yi, suka juya gare ta, daga nan aka sami dalar gyaɗa. Mu da muka taso bayan fari na 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da zuwan kuɗin man fetur, a hoto kawai muka ga dalar.

Ita ma gyaɗa tana da nata sirrin. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil, wadda fumfuna ta kama. Daga nan aka gano gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. Tsohuwar da ke zama ta tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa tana zubarwa kafin ta soya, ba ta san sunan gubar ba, amma aikin likita take yi.

Abin Da Muka Bayar

Kada wani ya fita daga ɗakin nan yana cewa kullum mu ne masu karɓa. Gero a yankin Sahel aka fara noma shi, an kuwa sami burbushinsa a arewacin Mali mai shekara kusan 4,500. Dawa daga gabashin Sudan take. Su biyun sun isa Hindu tun dubban shekaru, miliyoyin mutane na rayuwa a kansu a can. Wake namu ne. Kuɓewa ta bi jiragen bayi zuwa Amurka, tana cikin miyarsu har gobe.

Sai goro. Wani abin mamaki shi ne, babu al'ummar da ta ɗaukaka goro kamar Hausawa, ba a neman aure, ba a suna, ba a sulhu sai da shi, har tukuici ma goro muke ce masa, amma kuwa ba ya tsira a mafi yawan ƙasarmu. Ɗan kurmi ne. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarauniya Amina aka fara samun sa a ƙasar Hausa, har ya ambaci goro 10,000 da Sarkin Nupe ya aika mata. Saboda shi ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, tafiyar watanni, a kai tufafi da kanwa da fatu kasuwar Salaga, a komo da huhun goro. Zangunan Hausawa da yawa a arewacin Gana wannan fatauci ne ya soma kafa su. A 1886 kuma, a birnin Atlanta, wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya haɗa wani abin sha da ganyen koka da goro, ya zama Coca-Cola. Rabin sunan nan na biyu sunan goro ne a bakin mutanen gaɓar Afirka ta Yamma. Yaron da ke raina kakansa don haƙoransa sun yi ja da goro, yana riƙe da kwalba mai sunan goro a hannunsa.

Daddawa Da Magi

Yanzu bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje, cikin tsananin hunturu, kewar miyar kuka ta dame ni. Wata rana wani ɗalibi ɗan Japan da muke zaune gida ɗaya ya buɗe wani ɗan ƙunshi a madafa. Sauran ɗaliban suka toshe hanci suka fice. Ni kuwa na tsaya cik, don warin da na ji na tsakar gidanmu ne. Waken suya ne da aka dafa aka rufe ya ruɓa, su suna ce da shi natto. Daga baya na karanta na gane cewa ƙwayar halittar da ke aikin ruɓar da shi, ita ce dai ke aiki a cikin kalwa idan an rufe ta za a yi daddawa.

Kun san yadda ake yin ta. A dafa kalwa, watau ƙwayar ɗorawa, wuni guda ko fiye, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu ko uku, sa'an nan a kirɓa a mulmula a shanya. A cikin kwanakin nan na rufi, ƙwayoyin halitta suna farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa, suna sakin wani abu mai suna gulutamet. Shi ne ke ba miya garɗin nan wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba.

A shekarar 1908 wani shehun malami a Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace wannan sinadari daga wata ciyawar teku, ya ce ɗanɗano ne na biyar. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda matanmu ke kira farin magi. A cikin 1908 ɗin nan dai kamfanin Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fito da dunƙulensa. Ashe daddawa da magi da farin magi 'yan ɗaki ɗaya ne. Abin da masana suka sa wa suna a 1908, kakanninmu mata sun daɗe suna sarrafa shi a cikin ƙwarya.

Bambancin kuwa shi ne, daddawa abinci ce, tana ƙara wa miyar talaka abin gina jiki a gidan da nama ba ya shiga sai da salla. Dunƙule kuwa babban rabonsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokali ke nan. Mai girkin da ta jefa dunƙule huɗu, ta ƙara farin magi, ta kuma barbaɗa gishiri, sai ta yi lissafi, musamman in akwai mai hawan jini a gidan. Ban ce a jefar da magi ba. Na ce dai da tsohuwar zuma ake magani, itacen ɗorawa kuwa da ake sarewa a yi gawayi, ba ya girma a shekara ɗaya.

Aljihu Da Na'ura

Mu bar madafa mu laluba aljihu. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri kuwa ƙwanson wata 'yar dabbar ruwa ce daga tsibiran Maldib a tekun Hindu. Watau mutanen da galibinsu ba su taɓa ganin teku ba, da abin teku suke ciniki. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya ta azurfa. Ita dalar nan, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, tana da nata abin al'ajabi: sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsu, domin 'yan kasuwar Afirka da na ƙasashen Larabawa ba sa yarda da wadda aka sauya wa kama. Da ita da dalar Amurka sunansu tushe ɗaya ne. Har yau a Jamhuriyar Nijar da dala ake ƙirga: faran 5 dala ɗaya ne, faran 100 dala ashirin.

A Nijeriya an bar fam da sule ran 1 ga Janairu 1973, amma harshe bai bar su ba. Jaka da can fam 100 ce, da aka canja fam ɗaya ya zama naira 2, sai jaka ta zama naira 200. Yaron da bai taɓa ganin sisi ko anini ba, zai rantse maka ba shi da ko sisi, ba shi da ko anini. Harshe rumbu ne, yakan ajiye abin da kasuwa ta yar.

Haka abin yake ga ƙere-ƙere. Jirgi da can na ruwa ne kawai, na fito. Da aka ga wani abu mai ɗaukar jama'a da kaya yana tafiya bisa dogo, aka ce jirgin ƙasa. A watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, aka ce jirgin sama. Su kam daga Masar suka taso da gaske, ba kamar masara ba. Agogo a Yarabanci ƙararrawa ce, ga shi muna ɗaura wanda ba ya ƙara a hannu. Waya ƙarfen nan ne da aka ja bisa turaku don aika saƙo, shi ya sa muke da gidan waya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, abin da ba shi da waya ko ɗaya shi muke kira waya. Mafi ban mamaki ita ce na'ura. A Larabci sunan wani babban gargare ne mai juyawa yana ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda ke birnin Hama na ƙasar Sham. Yau idan muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta muke nufi. Daga abin ban ruwa zuwa abin lissafi, kalma ɗaya ta ɗauke su.

Kammalawa

Shugaba, me za mu ɗauka daga duk wannan?

Na farko, masu cewa a tsarkake Hausa daga baƙin kalmomi, ko a koma abincin gargajiya tsantsa, sai su faɗa mana wace shekara za a tsaya. In an kori baƙi, albasa da alkama da sukari da shayi za su bi Larabawa, ashana da agogo su bi Yarabawa, ƙuliƙuli ya koma Amurka ta Kudu. Ƙarfin Bahaushe a kullum shi ne iya saukar baƙo, ya ba shi suna, ya koya masa zaman gari.

Na biyu, baƙo iri biyu ne. Akwai wanda ya zo ya shiga gona, muka mallaki irinsa da iliminsa, kamar masara da gyaɗa da rogo. Akwai kuma wanda kullum sai an aika an ɗauko shi da kuɗin waje. Alkama muna noma ta da ban ruwa tun da daɗewa, muna alkaki da taliya, amma burodin da ya zama karin kumallon birane da alkamar ƙetare ake yin mafi yawansa. Gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, ta janye hanin a 1992. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, mai shayi a bakin tasha ya ji a jikinsa. Kayan aro ba ya rufe katara. A halin kuwa, acca da muke yi wa kallon abincin ƙauye ana sayar da ita da tsada a kantunan Turai, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa.

Na uku ya shafe ku, ɗalibai. Mun ga yadda masara ta cuci waɗanda suka ɗauki iri suka bar ilimi. Ilimin daddawa, da na jiƙon rogo, da na adana hatsi a rumbu shekara da shekaru, da sunayen ire-iren gero da dawa, ba a cikin littafi yake ba, yana bakin tsofaffi ne, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ƙamus ɗin Bargery ya fito tun 1934, kalmomin da ya tattara na sana'o'i da tsirrai da yawa yau sai a yi wa matashi fassara. Kowannenku yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. In an yi hutu, ku zauna gaban kakanninku mata, ku tambaye su yadda ake yi, da sunan kowane mataki, da abin da ake gudu, ku rubuta da Hausa, ku kawo mana. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne, inda na yi kuskure kuwa ina fatan malamaina da ke zaune a nan za su gyara mini. Allah ya ƙara mana sani mai amfani.